Sir Frank Worrell: Gwanin kurket da ya haɗa kan tsibiran da siyasa ta gaza haɗawa

A tsakiyar watan Fabrairun 1961, harkoki sun tsaya cik a ƙwaryar birnin Melbourne na ƙasar Ostareliya. Dubun dubatar mutane suka yi dafifi a bakin tituna, wasu suka leƙo ta tagogin benaye suna watso yankakkun takardu, duk domin yin ban-kwana da wata tawagar 'yan wasa da ke wucewa cikin buɗaɗɗun motoci. Abin mamaki, tawagar ba ta gida ba ce, kuma ba ita ta ci gasar ba. 'Yan wasan kurket ne na West Indies, waɗanda Ostareliya ta doke da ci biyu da ɗaya. Galibinsu baƙar fata ne da jikokin Indiyawa, a zamanin da dokar shige da fice ta ƙasar ba ta maraba da mai irin launinsu ya zo ya zauna. Jagoransu shi ne Frank Worrell, mai shekara 36, baƙar fata na farko da aka taɓa damƙa wa ragamar wannan tawaga na tsawon gasa guda cur, bayan an bar shi shekara da shekaru yana aiki a ƙarƙashin mutanen da ba su kama ƙafarsa ba a fagen wasa.

Kurket bai samu gindin zama a Nijeriya kamar ƙwallon ƙafa ba, duk da cewa Turawan mulkin mallaka sun zo da shi, kuma har yanzu akwai filinsa a Dandalin Tafawa Ɓalewa da ke Legas. Don haka ɗan bayani zai yi amfani. Ƙungiya biyu ke karawa, kowace da mutum 11. Ɗaya na jifa da tsaron fili, ɗaya na bugu. Mai jifa yana auna wasu turaku uku da aka kafa a bayan mai bugu, shi kuma yana kare su da katako mai faɗi, yana korar ƙwallon. In ta yi nisa, sai shi da abokinsa su sheƙa su yi musayar wuri, kowane gudu maki ɗaya. Idan ƙwallo ta kayar da turakun, ko aka cafe ta tun tana sama, ko aka jefe turakun kafin mai gudu ya isa, an fitar da shi ke nan. Da zarar an fitar da mutum goma, zangon ƙungiyar ya ƙare. Babban wasan ƙasa da ƙasa, wanda ake kira Test, yakan ɗauki kwana biyar, kowace ƙungiya da zango biyu. Wanda ya tara maki 100 a zango ɗaya ya yi abin a yaba.

Akwai kuma wani abu da ya bambanta wasan da ƙwallon ƙafa, wanda in ba a fahimce shi ba ba za a gane tarihin Worrell ba. A kurket, kyaftin shi ne wuƙa shi ne nama. Shi ke zaɓar wanda zai yi jifa, shi ke tsara inda kowa zai tsaya, shi ke yanke shawarar kai farmaki ko ja da baya. Idan an tashi daga fili kuma, shi ke yin jawabi a liyafar gwamna, shi ke magana da yawun ƙasarsa. A yankin Karibiyan na zamanin mulkin Birtaniya, wannan muƙami ne da masu gonakin rake da manyan 'yan kasuwa farare suka ɗauka gadon gidansu ne.

Yaron unguwar Bank Hall

An haifi Frank Mortimer Maglinne Worrell ranar 1 ga Agustan 1924 a unguwar Bank Hall da ke Bridgetown, babban birnin tsibirin Barbados. Ranar ta zo daidai da cika shekara 90 da fara aiki da dokar soke bauta a ƙasashen da Birtaniya ke mulka. Mahaifinsa ma'aikacin jirgin ruwa ne. Iyayensa sun yi ƙaura zuwa Amurka neman abinci, suka bar shi a hannun kakarsa, a wani gida da ke kallon filin kulob ɗin Empire.

Kulob-kulob ɗin Barbados na wancan lokaci madubi ne na yadda aka kasa al'ummar. Wanderers da Pickwick na farare ne. Spartan na masu ɗan hasken fata ne da baƙaƙen da suka yi boko suka samu muƙami. Empire kuwa an kafa shi ne a 1914 domin waɗanda Spartan ɗin ma ta ga ba su isa ba. Yaron da ya tashi yana leƙen wannan fili ta taga bai buƙaci malami ya koya masa matsayin da aka ajiye masa ba.

Ya yi karatu a makarantar Combermere, inda tun yana ɗan shekara 13 ya shiga babbar ƙungiyar makarantar, wadda ke karawa da kulob-kulob na manya. Wannan ɗaukaka ta wuri ta jawo masa hassada, aka riƙa yi masa kallon mai girman kai, shi kuma bai yi wani ƙoƙarin wanke kansa ba. Tsamin da ya shiga tsakaninsa da mahaifarsa tun daga nan bai gushe ba har ƙarshen rayuwarsa.

Da jifa ya fara yi wa Barbados wasa a 1942, yana jifa da hagu, ana ajiye shi can ƙasa a jerin masu bugu. Ba a jima ba aka gane an yi kuskuren ajiya. A Fabrairun 1944, yana da shekara 19, ya tara maki 308 a kan Trinidad ba tare da an fitar da shi ba, shi da John Goddard suka haɗa 502 a tsayuwa ɗaya. Bayan shekara biyu, a Port of Spain, shi da Clyde Walcott suka haɗa 574, wanda a lokacin ba a taɓa yin kamarsa ba a manyan wasannin duniya. Walcott da Everton Weekes da Worrell, dukkansu an haife su ne a kewayen Bridgetown cikin wata 18, kuma da yake sunayensu duk da harafin W suka fara, sai duniya ta haɗa su a laƙabi ɗaya. Walcott ƙarfi gare shi, Weekes zafin nama. Worrell kuwa natsuwa aka san shi da ita: yakan jira ƙwallo har sai an zaci ta wuce shi, sannan ya karkata katako ya ba ta hanya, kamar mai nuna wa baƙo ƙofa.

A 1947 ya tattara ya koma Jamaika, inda yake ganin an fi barin mutum ya sake. Mutanen Barbados da dama ba su yafe masa wannan ƙaura ba.

Wasa a matsayin sana'a

Ya fara buga Test a Fabrairun 1948 a kan Ingila, ya ci 97 a zangonsa na farko, ya biyo da 131 a wasa na gaba a Georgetown. A cikin wannan gasa ce aka bai wa George Headley, babban gwanin Jamaika, kyaftin na wasa ɗaya tak, sannan aka mayar da muƙamin inda aka saba ajiye shi.

A shekarar ce kuma Worrell ya nuna irin halinsa. Da aka tashi tafiya Indiya, ya nemi hukumar kurket ta West Indies ta biya shi ladan da ya dace da wanda wasa ne sana'arsa. Masu hukumar, waɗanda yawancinsu ke da gonaki da kamfanonin da ke ciyar da su, suka ga wannan rashin kunya ne, suka ƙi. Shi ma ya ƙi tafiya. Ɗan shekara 24 ne da bai wuce wasa uku na Test ba, kuma ya san sarai cewa mutanen da ya bijire wa su ne masu zaɓen tawaga. Bayan haka ya je Indiyar sau biyu a jere tare da wata tawagar haɗin gwiwa ta ƙasashen Kwamanwel, ya yi suna sosai a can.

Abincinsa kuwa a arewacin Ingila ya same shi. Daga 1948 ya zama ƙwararren ɗan wasan kulob ɗin Radcliffe, wani garin masaƙu kusa da Manchester. Tsarin wasannin yankin Lancashire shi ne kowane kulob ya ɗauki ƙwararre guda ɗaya da albashi, sauran 'yan wasan ma'aikatan masaƙa ne da 'yan tireda da ke bugawa ranar Asabar. Idan ƙwararren ya yi bajinta, sai a zagaya 'yan kallo a tara masa kuɗi. A nan ya koyi abin da ya amfane shi daga baya: yadda gwani zai ɗauki nauyin mutum goma da ba su kai shi ba, ba tare da ya sa sun raina kansu ba.

Shekarar 1950 ce ta sauya matsayin West Indies a idon duniya. A watan Yuni suka doke Ingila a filin Lord's na Landan da tazarar maki 326, nasararsu ta farko a ƙasar da ta koya musu wasan, a gaban 'yan ci-ranin Karibiyan da ba su daɗe da sauka Birtaniya ba. Wasu matasa biyu masu murɗa ƙwallo, Sonny Ramadhin da Alf Valentine, su suka rikita Turawan. A wasa na gaba a Nottingham, Worrell ya ci 261, shi da Weekes suka haɗa 283. Ya ƙara da 138 a filin Oval, ya kammala gasar da maki 539, West Indies ta yi nasara uku da ɗaya. Kyaftin ɗin tawagar shi ne John Goddard, farar fata ɗan gidan 'yan kasuwa, wanda Worrell ya yi tarayya da shi a maki 502 ɗin nan.

Shekarun jira

Abin da ya biyo baya labari ne da duk wanda ya taɓa ganin an tsallake gwani an ɗauko na ƙasa da shi zai gane. Bayan Goddard sai Jeffrey Stollmeyer na Trinidad, wanda aƙalla ƙwararren mai bugu ne. Worrell ya yi masa mataimaki lokacin da Ingila ta zo a 1954. Amma da Ostareliya ta zo a 1955, sai aka ɗauke mataimakin aka bai wa Denis Atkinson, farar fata daga Barbados wanda ko gurbinsa a tawagar bai gama tabbata ba. Da Stollmeyer ya ji rauni, Atkinson ya zama kyaftin a kan Worrell da Weekes da Walcott. A 1957 aka sake ɗauko Goddard, yana dab da shekara 40, ya jagoranci tafiya Ingila, aka sha kashi uku da nema. A wannan gasa Worrell ya buɗe bugu a Nottingham, ya tsaya har aka fitar da abokansa goma yana nan da maki 191, sannan a Leeds ya fitar da mutum bakwai da jifa.

Adalci ya buƙaci a faɗi ɗaya ɓangaren. Bayan wannan kaye hukumar ta yi masa tayin muƙamin, shi ne ya ce a dakata, domin a lokacin yana karatun digiri a fannin tattalin arziki a Jami'ar Manchester, kuma ya ƙudurta sai ya kammala. Ya ga yadda manyan 'yan wasa baƙaƙe ke ƙarewa hannu Rabbana idan ƙarfi ya ƙare, bai so ya bi sahunsu ba. Sai aka naɗa Gerry Alexander na Jamaika, mai hasken fata, wanda ya yi karatu a Cambridge, mai tsaron bayan turaku. Har nan babu abin zargi sosai. Inda gizo ya yi saƙa shi ne 1959, lokacin da Worrell ya kammala karatu ya dawo, Ingila na shirin zuwa, hukumar ta sake tabbatar da Alexander.

A cikin wannan shekara akwai wani mataki nasa da har yau ake saɓani a kai. Ya amince ya jagoranci tawagar baƙaƙe zalla zuwa Afirka ta Kudu domin karawa da ƙungiyoyin da ba na farare ba. Masu goyon baya suka ce hakan zai nuna wa duniya gwanintar da wariyar launin fata ta binne. Masu yaƙi da wariyar a cikin ƙasar, irin su Dennis Brutus, suka ce zuwa bisa sharuɗɗan gwamnatin tamkar sa hannu ne a kan tsarinta. Hujjarsu ta fi ƙarfi, kuma ita ta rinjaya, aka fasa tafiyar.

A Janairun 1960, a Bridgetown, gaban mutanen garinsu, Worrell ya shafe fiye da awa 11 yana bugu a kan Ingila, ya ci 197 ba a fitar da shi ba, shi da matashi Garfield Sobers suka haɗa 399. A wasa na biyu a Port of Spain, 'yan kallo suka fusata da wani hukunci, suka yi ruwan kwalabe a fili har aka tsayar da wasa. Marubuci C.L.R. James, wanda ke editan jaridar The Nation ta jam'iyyar Eric Williams, ya karanta tarzomar a matsayin fushin mutanen da ke shirin karɓar mulkin kansu alhali ana gaya musu ɗansu bai isa ya jagoranci mutum goma a filin wasa ba. Ya shiga rubutu mako bayan mako yana neman a sauke Alexander a naɗa Worrell, yana kafa hujja da cancanta kawai. Ingila ta ci gasar ɗaya da nema. Da aka zo zaɓen wanda zai kai tawaga Ostareliya a ƙarshen shekarar, hukumar ta sauko.

Alexander ya cancanci a tuna da shi da alheri a nan. Ya karɓi matsayin mataimaki a ƙarƙashin wanda ya gaje shi, ya bi shi Ostareliya, kuma a can ya yi wasan da ya fi kowane kyau a rayuwarsa, ya tara maki 484 a gasar. Ba kowane wanda aka sauke daga kujera ke iya haka ba.

Kwana biyar a Brisbane

West Indies ba ƙasa ba ce. Tarin yankuna ne da teku ya raba, kowane da gwamnansa da jaridunsa da alfaharinsa. Daga Kingston zuwa Bridgetown ya fi kilomita 1,500. A tawagar da Worrell ya gada akwai 'yan Barbados irin su Sobers da Wes Hall da Conrad Hunte, da 'yan Guyana, wadda a lokacin ake kira British Guiana, irin su Rohan Kanhai da Joe Solomon da Lance Gibbs, da 'yan Jamaika da Trinidad. Akwai jikokin bayin da aka kwaso daga Afirka, akwai jikokin leburorin da aka kawo daga Indiya. An saba kowane rukuni ya ware da 'yan garinsu, kuma kowane zaɓen tawaga sai jaridun tsibirai sun ƙirga mutum nawa aka ɗauka daga ina.

Worrell ya fi kowa dacewa da rushe wannan, domin haifaffen Barbados ne da ke wakiltar Jamaika, wanda ya shafe shekaru a Ingila, ba wani tsibiri da zai ce nasa ne shi kaɗai. Ya hana zaman ƙungiya-ƙungiya. Ya kafa doka cewa idan alƙali ya ɗaga yatsa, mutum ya kama hanya ba tare da ko harara ba, domin ya san abin da ake jira a faɗa game da tawagar da baƙar fata ke jagoranta. Ba ya daka wa ɗan wasa tsawa a bainar jama'a. Yakan kira taro a tattauna, ya bar ƙaramin cikinsu ya faɗi ra'ayinsa. 'Yan wasansa sun sha ba da labarin yadda yakan miƙe ya yi barcinsa a ɗakin sauya kaya a daidai lokacin da hankalin kowa ya tashi, abin da ya fi kowace huɗuba kwantar musu da zuciya.

Wasan kurket kansa yana cikin wani hali a lokacin. Shekarun 1950 sun cika da wasannin ɗari-ɗari da ke ƙarewa ba ci, 'yan kallo suna ta raguwa. Worrell da takwaransa na Ostareliya, Richie Benaud, suka yi alƙawarin wasa na kai farmaki, Sir Donald Bradman da ke shugabantar hukumar ƙasar ya mara musu baya.

An fara wasan farko a Brisbane ranar 9 ga Disamban 1960, wata biyu da 'yan kwanaki bayan Nijeriya ta karɓi 'yancin kai. West Indies ta ci 453, Sobers ya ba da 132. Ostareliya ta mayar da 505. West Indies ta ƙara 284, Worrell ya ci 65 a kowane zango. Ranar ƙarshe Ostareliya na neman 233. Hall ya yi musu ɓarna har suka rasa mutum shida suna da 92 kacal, amma Benaud da Alan Davidson suka ƙi ja da baya, suka kai lissafin 226 kafin Solomon ya jefe turakun Davidson.

Aka shiga zagayen jifa na ƙarshe, mai ƙwallo takwas bisa tsarin Ostareliya na lokacin, masu gida na neman maki shida, da sauran mutum uku da za a fitar. Worrell ya miƙa wa Hall ƙwallo, ya gargaɗe shi kada ya yi jifan nan mai tashi zuwa kai. A ƙwallo ta biyu Hall ya saɓa umarnin, aka yi sa'a Benaud ya taɓa ta Alexander ya cafe. A ta biyar ƙwallo ta tashi sama tana saukowa hannun Kanhai, sai Hall ya rugo cikin zumuɗi ya shiga gabansa, ta suɓuce ta faɗi. Kyaftin da yawa a nan za su fashe. Worrell ya je ya kwantar masa da hankali kawai. A ta shida Ian Meckiff ya kora ta can bakin fili, suka yi gudu biyu, suna neman na uku wanda shi ne na nasara, sai Hunte ya wurgo ta daga nesa ta sauka daidai hannun Alexander, aka fitar da Wally Grout. Maki ya zo daidai, saura mutum ɗaya. Worrell ya tuna wa Hall cewa in ya kuskura ya taka layi aka ba su maki kyauta, to kada ya yi tunanin komawa Barbados. Lindsay Kline ya taɓa ƙwallo ta bakwai suka ruga. Solomon, yana tsaye daga gefe inda turke ɗaya kawai yake iya hange, ya ɗauka ya jefa ya same shi.

Kowace ƙungiya ta tashi da maki 737. Tun da aka fara Test a 1877 ba a taɓa yin irin wannan kunnen doki ba, kuma daga nan sau ɗaya kawai aka sake yi, a Madras a 1986.

Sauran gasar ma haka ta tafi. Ostareliya ta ci a Melbourne, inda hular Solomon ta faɗo kan turakunsa aka fitar da shi, 'yan kallo suka yi wa nasu kyaftin ihu don ya nemi hukuncin. West Indies ta rama a Sydney da tazarar 222. A Adelaide, Kanhai ya ci 117 da 115, Gibbs ya fitar da mutum uku a jere, nasara ta zo hannu, sai mutum biyu na ƙarshe, Ken Mackay da Kline, suka toge kusan awa biyu har lokaci ya ƙare, bayan alƙali ya ƙi amincewa da wata cafkar da Sobers ya yi wadda West Indies ta tabbata ta yi kyau. A wasan ƙarshe a Melbourne, mutum 90,800 suka shiga kallo a rana guda, adadin da ba a taɓa gani ba. Ostareliya ta tsallake da ƙyar, bayan wani hukuncin mai cike da shakku. Worrell bai yi ƙorafi ba. Hukumar Ostareliya ta sa aka ƙera kofi da sunansa, wanda har yau shi ƙasashen biyu ke takara a kai.

Tarayya ta watse

A daidai wannan lokaci, 'yan siyasa na can suna fama da nasu gwajin. A Janairun 1958 aka kafa Tarayyar West Indies mai yankuna goma, da Sir Grantley Adams na Barbados a matsayin Firayim Minista, da nufin su karɓi 'yanci a matsayin ƙasa ɗaya. Rigima kan haraji da rabon kujeru da ikon gwamnatin tsakiya ta cinye ta. Jamaika, wadda ta fi kowa yawan jama'a, ta ga kamar ita za ta ɗauki nauyin ƙananan tsibirai. A Satumban 1961, wata bakwai bayan rakiyar Melbourne, 'yan Jamaika suka kaɗa ƙuri'ar ficewa. Trinidad ta bi baya, aka rushe tarayyar a Mayun 1962. Daga cikin 'yan abubuwan da suka tsira da sunan West Indies akwai jami'a da tawagar kurket, kuma Worrell na da hannu a duka biyun, domin ya kama aiki a jami'ar a matsayin mai kula da ɗakin kwanan ɗalibai na Irvine a harabar Mona da ke Jamaika, daga baya ya koma harabar St Augustine ta Trinidad yana kula da harkokin ɗalibai.

A watannin da tarayyar ke shure-shuren mutuwa, tawagarsa ta doke Indiya biyar da nema. A cikin wannan ziyara, a wasan Indiya da Barbados, ƙwallon Charlie Griffith ta fasa ƙoƙon kan kyaftin ɗin Indiya, Nari Contractor. Aka yi masa tiyatar gaggawa, aka nemi jini. Worrell na cikin na farko da suka miƙa hannu. Contractor ya rayu, ko da yake bai sake buga Test ba.

Tafiyarsa ta ƙarshe ita ce Ingila a 1963, yana dab da shekara 39, gwiwoyi sun gaji. Suka ci uku da ɗaya. Wasan Lord's ya ƙare ba ci a ƙwallon ƙarshe, bayan Colin Cowdrey ya fito da karyayyen hannu a ɗaure domin kada Ingila ta faɗi. Daga nan Worrell ya ajiye katako. Ya buga Test 51, ya tara maki 3,860 da matsakaicin 49.48, ya haura ɗari sau tara, ya fitar da mutum 69 da jifa. Babu ko ɗaya daga cikin ɗaruruwan nan tara da ya ci yana kyaftin, domin muƙamin ya iso ne bayan ganiyarsa ta wuce. A wasa 15 da ya jagoranta ya ci tara, aka doke shi uku.

Ya ba da shawarar Sobers ya gaje shi, aka bi, duk da cewa Hunte ne mataimaki kuma abin ya yi masa ciwo. Gwamnatin Sir Alexander Bustamante ta naɗa shi sanata a Jamaika, Sarauniya Elizabeth ta ba shi lambar Sir a 1964. A 1965 ya yi wa tawagar manaja lokacin da ta doke Ostareliya a gasa karo na farko. Da Barbados ta shirya karawa da zaɓaɓɓun 'yan wasan duniya ita kaɗai domin bikin samun 'yancinta, ya fito fili ya soki shirin a matsayin komawa ga son kai na tsibiri, abin da ya sake ɓata shi da wasu mutanen garinsu.

Yana rangadin jami'o'in Indiya a farkon 1967 rashin lafiya ta kama shi, aka gano sankarar jini ce. Ya koma Jamaika, ya rasu a Kingston ranar 13 ga Maris 1967, yana da shekara 42. An yi taron addu'a dominsa a majami'ar Westminster Abbey ta Landan, karo na farko da aka yi wa ɗan wasa haka. Barbados ta karɓi gawarsa da jana'izar ƙasa, daga baya ta sa hotonsa a takardar kuɗinta ta dala biyar. A Kolkata, hukumar kurket ta Bengal na gudanar da gangamin ba da jini da sunansa duk ranar 3 ga Fabrairu. Kabarinsa na harabar jami'a a Cave Hill, a kan tudu mai kallon filin kurket, inda aka binne Walcott kusa da shi a 2006, sannan Weekes a 2020.